Bin Sawun Mahaukacin Kare: Yadda Ake Tare Cutar Tun Ba Ta Yi Nisa Ba

Duk wanda zai shiga aikin tare haukan kare, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna masa a kai kafin ya ɗauki sirinji ko littafi: karen da ya yi cizo yau, ba yau ya kamu ba. Wani kare ne ya cije shi mako uku ko huɗu da suka wuce, wani lokaci ma watanni. Shi kuma kafin ya faɗi ya riga ya dasa haƙori a jikin wasu karnukan, waɗanda a yanzu haka suke kwance a ƙofar gida lafiya lau suna kaɗa wutsiya. Abin da idonka ya gani yau labarin watan jiya ne. Na watan gobe yana nan yana hawa jijiyoyin dabbobin da babu wanda ya zarga tukuna. Aikina lafiyar dabbobi ne, na fage ba na tebur ba, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tazarar ya taso.

Ga inda tazarar ta fito. Ƙwayar cutar ba ta bin jini. Da yawu take shiga ta bakin rauni, ta ɗan kwanta a tsoka, sannan ta kama jijiyar saƙo ta riƙa hawa a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Sai ta gama kama ƙwaƙwalwa take gangarowa zuwa inda yawu ke fitowa. Shi ya sa ba a ɗibar jinin kare mai rai a ce yana da ita ko ba shi da ita. Shi ya sa kuma cizon fuska da wuya da 'yan yatsu ya fi na ƙauri gaggawa, domin ko dai hanyar gajera ce ko kuma jijiyoyin wurin suna da yawa. A jikin mutum yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta nuna kanta, amma takan iya fitowa cikin mako ɗaya, takan kuma iya kai shekara. Da zarar alamu sun fito, wato maƙogwaro ya fara shaƙewa in an miƙo ruwa, mutum ya fara firgita da iska mai kaɗawa, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kuma har zuwa kashi 99 na waɗanda suka kamu, kare ne ya ba su. Wannan adadin na ƙarshe shi ne ya gaya maka inda za ka sa ƙarfinka.

Wanda aka ciza shi ne farko

Kafin taswira, kafin tambaya, a wanke rauni. Ruwa mai gudana da sabulu, minti 15 cur, a duba agogo, domin ba tare da agogo ba mutane a minti biyu suke tsayawa. Sabulu yana narka rigar kitsen da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, ruwan kuma yana kwashe yawun. Bayan nan a shafa aidin in akwai. Kada a cusa komai a raunin, kada a ɗaure shi tam, kuma ma'aikacin asibiti ya guji ɗinke shi nan take sai in babu makawa.

Sai asibiti, ranar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗuwa da dabba gida uku. In taɓawa ce kawai ko lasa a kan fata lafiyayya, wanki ya isa. In an ɗan gatsa ko an yi yaƙushi ba jini, sai allurar rigakafi. In haƙori ko farce ya huda fata, ko yawu ya taɓa rauni ko ido ko baki, ko kuma jemage ne ya taɓa mutum kai tsaye, to bayan rigakafin ana ƙara wata allurar garkuwa da ake kira RIG, wadda ake tsira wa a cikin raunin da kewayensa. Ita RIG garkuwa ce ta aro, tana riƙe wurin kafin jiki ya ƙera tasa, don haka in an wuce kwana 7 da allurar farko ba ta da sauran amfani. Rigakafin kansa, tun ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ana iya gamawa cikin mako ɗaya in a cikin fata ake yi: wuri biyu ranar farko, wuri biyu a kwana na 3, wuri biyu a kwana na 7. In a tsoka ne, sau huɗu: ranar farko, kwana na 3, na 7, sai ta ƙarshe tsakanin kwana 14 da 28. A damtse ake yi, ƙananan yara a cinya, ba a ɗuwawu ba. Mai ciki tana yi, mai shayarwa tana yi, jariri ma ana yi masa. Har yanzu ina haɗuwa da masu gudun asibiti saboda labarin allura goma sha a ciki. Waccan tsohuwar allura ce da ake yi da ƙwaƙwalwar dabba, kusan ko'ina an daina ta. Wanda kuma ya zo bayan wata biyu da cizo yana jin kunya, a yi masa kamar jiya aka cije shi. Muddin alamu ba su fito ba, ba a makara ba.

Yanzu sai karen

A wurare da yawa a nan labari yake ƙarewa: an yi wa mutum allura, an rubuta "cizon kare" a rajista, kowa ya kama gabansa. To an ceci mutum ɗaya, an saki bakin zaren. Kowane cizo da ya shigo asibiti ya kamata ya haifar da kiran waya zuwa ga ma'aikacin dabbobi a ranar, kuma kowace dabba da ma'aikacin dabbobi ya zarga ya kamata ta haifar da kira zuwa asibiti. A Haiti sun kafa irin wannan tsarin tun daga 2013, jami'in dabbobi yana bin kowane rahoton cizo har gida, sai ga adadin mahaukatan karnukan da ake ganowa ya ninka sau da yawa. Ba cutar ce ta ƙaru ba, ido ne ya buɗe.

In ka isa gidan, kada ka tambaya "karen mahaukaci ne?" Mai kare zai ce a'a don yana tsoron a kashe masa, wanda aka ciza zai ce e don haushi. Tambayi abin da ido ya gani. Me mutumin yake yi lokacin da aka cije shi? Karya mai shayarwa da ta ciji wanda ya ɗauki ɗanta, ko karen da aka taka wa wutsiya, daban suke da wanda ya fito daga babu ya ciji mutum uku a layi ɗaya bai tsaya ba. Haushinsa ya canza, ya dishe ko ya koma kamar kuka? Yana tauna itace, dutse, sarƙarsa, ƙasa? Yana cafkar iska kamar mai kama ƙuda? Ya bar gida ya kwana biyu bai dawo ba? Kare mai faɗa ya yi laushi ba dalili, ko mai laushi ya koma faɗa? Ƙafafun baya suna harɗewa?

Nau'in da ya fi cin mutane da yaudara shi ne mai shiru. Ba ya bin kowa. Yana rakuɓe a lungu, muƙamuƙin ƙasa ya saki, baki a buɗe, harshe ya bushe ya yi duhu, dalala tana zuba, idanu sun ƙafe. Duk wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, kuma mai tausayi zai naɗe hannun riga ya zura yatsu ya ciro. Don haka tambayar da ba na tsallakewa ita ce: wa ya sa masa hannu a baki? Haka saniya. Tana ta kuka ba ƙaƙƙautawa da murya a dishe, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, yawu yana zuba, sai a ce wani abu ta haɗiya, mutum biyu su riƙe ta na uku ya cusa hannu har gwiwa. Waɗannan mutanen ba za su taɓa zuwa asibiti da kansu ba, domin a ganinsu babu wanda ya cije su. Ka duba hannayensu, ka nemi tsaga ko ƙujewa. Wani abin kuma: kada ganin kare yana shan ruwa ya kwantar maka da hankali. Tsoron ruwa alamar mutum ce, mahaukacin kare yakan tsoma baki a ruwa, haɗiyewar ce ke gagararsa.

Yara kuwa a tambaye su daban, ba a gaban iyaye ba, kuma da murya mai sanyi. Yaron da aka hana wasa da kwikwiyo ya yi, ya samu yaƙushi a tsintsiyar hannu, zai ja hannun riga ya rufe ya yi gum. Ni nakan fara da "wa ya fi kowa iya wasa da karen nan?" Nan da nan za su nuna juna.

In karen yana raye kuma ana iya kama shi ba tare da wani ya ƙara shan cizo ba, a killace shi kwana 10 daga ranar cizon. Hikimar ita ce, ƙwayar cutar ba ta isa yawu sai ƙarshen tafiyarta. In har tana yawunsa ranar da ya yi cizo, to cikin kwana goman nan zai nuna alama ko ya mutu. Ɗaki ko keji mai ƙofa ƙwaƙƙwara, ba igiya a gindin bishiya inda yara da kaji ke wucewa ba. Mutum ɗaya baligi ke ba shi abinci, ta ƙarƙashin ƙofa, ba da hannu ba. Ka leƙa da kanka ko a turo maka hoton bidiyo, kada ka dogara da "yana nan lafiya" ta waya, domin wani lokaci an riga an sayar da shi ko ya mutu an binne. Abu biyu a kiyaye. Wannan ƙa'idar ta kare da kyanwa ce, ba ta aiki a kan dabbar daji. Sannan ba a dakatar da wanda aka ciza a ce ya jira kwana goman. Ya fara allura, in karen ya cika kwanakinsa garau, likita ne zai ce a tsaya.

In ya mutu ko an kashe shi, kansa kake nema. Taron jama'a in sun tare mahaukacin kare kai suke fara bugu, kuma ƙwaƙwalwar nan ita ce kaɗai shaidar da ɗakin gwaji zai karɓa. Ka roƙi a bar kan, a kuma hana kowa feɗe mushen ko jefar da shi inda wasu karnuka za su ci. Ɗaukar samfurin aikin wanda aka horar ne kuma aka yi masa rigakafi tun kafin ya fara aikin, da safar hannu biyu da abin kare ido da baki. Ba lallai a fasa ƙoƙon kai ba: ana zura siririn bututun roba ta ramin ƙeya, inda laka ke shiga, a nufi wajen ido, a zaro shi da guntayen sassan ƙwaƙwalwa, musamman tushenta, inda ƙwayar ta fi taruwa. A rufe cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, a sa a akwatin sanyi. Inda babu ƙanƙara, ruwan gishiri da aka haɗa da gilisarin yana riƙe shi. Kada a zuba shi a fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, yana ɓata gwajin da aka fi dogara da shi, wanda ake shafa wa ƙwaƙwalwar wani sinadari mai ƙyalli a duba ta madubin likita. Akwai 'yan tsinken gwajin gaggawa da ake yi a fage. In sun nuna akwai, ka tashi tsaye nan take, in sun nuna babu, kada ka hana kowa allura saboda su, ka tura samfurin gaba. Kuma a rubuta a jikin mazubin: rana, wuri, irin dabba, lambar da ta dace da ta littafinka. Samfurin da ba a san daga inda ya fito ba wahalar banza ce.

Baya da gaba

Daga kan kowace dabba da aka tabbatar ko aka zarga, tambaya biyu ce. Wa ya ba ta? Wa ta ba?

Ta baya: a cikin wata shida da suka wuce, an taɓa ganin rauni a jikinta? Wani baƙon kare ya shigo ya yi faɗa da na gida? An sayo ta ko an kawo ta kyauta daga wani wuri, yaushe, daga ina? Akwai karen da ya mutu ko ya ɓace a kusa ba a san dalili ba? Mutane ba sa tuna kwanan wata, amma suna tuna "ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi" ko "makon da aka koma makaranta", sai ka mayar da shi kwanan wata da kanka.

Ta gaba ta fi wuya, ta kuma fi muhimmanci. Ka bi hanyar da karen ya bi da ƙafarka, gida gida, daga inda aka fara ganinsa zuwa inda ya faɗi. A kowace ƙofa: ya shigo nan? Ya yi faɗa da naku? Ya shiga garke? Kowace dabbar da ya ciza ta samu layinta a littafi, kowane mutum ya samu nasa, da ranar allurarsa ta gaba, domin da yawa sukan yi ta farko su ɓace, sai an bi su.

Karen da aka ciza, in yana da rigakafi mai inganci, a wanke raunin, a ƙara masa allura nan take, a tsare shi a gida ana lura da shi na tsawon makonni. In ba shi da rigakafi, gaskiya mai ɗaci ita ce ko dai likitan dabbobi ya kashe shi ta hanyar da ba azaba, ko a killace shi sosai na watanni, huɗu zuwa shida gwargwadon dokar ƙasa. Wannan ita ce magana mafi nauyi da za ka yi da mai kare, kuma in ka yi ta da gadara, da dare zai ɗauke karen ya kai wa ɗan'uwansa a wani gari. Ka zauna, ka yi masa bayanin tazarar nan, ka nuna masa yaransa. Dabbar kiwo da ta fara nuna alama ba a yanka ta don ci ko sayarwa. Haɗarin ya fi yawa ga mai yanka da mai feɗewa, masu taɓa kai da yawu da hannu tsirara.

Littafin ba sai na kwamfuta ba, ko da yake manhajar waya mai ɗaukar wuri tana sauƙaƙa aiki. Layi ɗaya, dabba ɗaya: lamba, iri, mai ita, wuri, ranar da aka cije ta, ranar da ta fara alama, ranar da ta mutu, waɗanda ta ciza, sakamakon gwaji. Sai taswira a bango, kowace dabba da ɗigonta da kwanan wata a gefe. Bayan ɗigo biyar ko shida taswirar za ta fara magana. Ɗigo biyu kusa da juna da tazarar mako uku zuwa huɗu, wataƙila na farko ne ya haifi na biyu. Biyu a mako ɗaya, wataƙila uwarsu ɗaya, wani karen da ba ka gano ba tukuna, koma ka neme shi. Binciken da aka daɗe ana yi a yankin Serengeti na Tanzaniya ya nuna yawancin mahaukatan karnuka a kusa suke cizo, cikin kilomita ɗaya ko makamancin haka, 'yan kaɗan ne ke yin doguwar tafiya. Don haka in ɗigo ya yi tsalle ya faɗo kilomita hamsin a bakin babbar hanya, ba da ƙafa cutar ta je ba. Mota ce ko babur ko jirgin ruwa, da kwikwiyo a kwali wanda yake lafiya lau ranar da aka ɗauko shi. Nan ne dokar hana fita da karnuka daga yankin take da ma'ana, kuma nan ne ya kamata ka kira takwaranka na can tun kafin ya ji a bakin asibiti.

Manyan ɗakunan gwaji suna iya karanta tsarin halittar ƙwayar su faɗi danginta. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi wa karnuka rigakafin gama-gari a 2012 da 2013, cutar ta ɗauke na tsawon watanni, sannan ta dawo. Da aka karanta ƙwayar sai aka ga ba tsohuwar ta cikin birni ba ce ta farfaɗo, sabuwa ce aka shigo da ita daga waje. Amsar ta canza aikin gaba ɗaya: matsalar ba a cikin birnin take ba, a ƙofofinsa take.

Allura, ba guba ba

Ranar da yaro ya mutu, abin da jama'a da hukuma za su nema shi ne a kashe karnuka duka. Na fahimci zafin, amma ba na goyon baya, kuma ba don tausayin kare kaɗai ba. An gwada. A tsibirin Flores na Indonesiya cutar ta shiga a 1997, aka kashe karnuka dubu ɗaruruwa, ba ta fita ba. A Bali ta ɓulla a 2008 a wani lungu na kudancin tsibirin, aka sa guba, cutar ta game tsibirin, mutum fiye da 100 suka mutu, kuma ba ta fara ja da baya ba sai da aka koma rigakafin gama-gari daga 2010. Dalilan a fili suke. Mai guba karen da ya samu yake kashewa, wato mai sauƙin kamawa, wanda sau da yawa shi ne aka riga aka yi wa allura. Masu karnuka suna ɓoye nasu ko su tsallaka da su wani gari, da cutar a jiki. Bayan 'yan watanni kowa ya nemo sabon kwikwiyo marar rigakafi. Ga gubar kanta a inda yara da dabbobi ke yawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ke sare kan shi ne lissafi mai sauƙi. Mahaukacin kare ɗaya, a matsakaici, ba ya harbin fiye da kare ɗaya zuwa biyu. A Tanzaniya an samu abin kusan 1.2 ne. Cuta ce mai tafiya da ƙyar. In kaso mai kyau na cizonsa ya faɗa kan karnuka masu garkuwa, sarƙar ta tsinke. To me ya sa ake cewa sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura? Saboda karnuka ba sa daɗewa. Kafin shekara ta zagayo da yawa daga waɗanda ka yi wa sun mutu, an haifi sababbi. Saba'in ɗin ranar kamfe ita ke tabbatar da cewa ko a ƙarshen shekara garkuwar ba ta faɗi ƙasa da abin da ake buƙata ba.

Faɗin wurin da za a yi wa allura shi ne inda aka fi kuskure. Ana zana ɗan da'ira kewaye da gidan da abin ya faru, a yi wa karnuka talatin, a rubuta rahoto. Ihu bayan hari ke nan, domin cutar ta bar da'irar tun makonnin baya. Ka ɗauki dukan yankin da karnukansa ke cuɗanya, ka haɗa da garuruwan da hanya ta haɗa su da shi, ka fara daga gefe inda cutar ba ta kai ba kana matsowa ciki in ma'aikata sun yi kaɗan, kuma a gama cikin makonni, ba a ja shi wata da watanni ba.

A aikace hanya uku ake haɗawa. A kafa tebur a wuri sananne mutane su kawo nasu. Ranar da babu makaranta ta fi, domin yara ne ke kawo karnuka. Sai bi gida gida don waɗanda ba su zo ba. Sai masu raga don karnukan da ba sa kamuwa da hannu. Yawancin karnukan da ake kira marasa gida suna da wanda ke ba su abinci, ka nemo shi, shi zai riƙe maka. A yi wa kwikwiyo ma, ko bai kai wata uku ba; barin su kuskure ne babba, don suna da yawa kuma su ne a hannun yara. Kyanwa in an kawo a yi mata. Allura ta zauna a akwatin sanyi a inuwa, kada ta daskare. Duk karen da aka yi wa a shafa masa fenti a goshi ko a ɗaura masa abin wuya mai launi.

Fentin nan ba ado ba ne. Washegari da sassafe, lokacin da karnuka ke waje, wani wanda ba ya cikin masu allurar ya zaga layi layi yana ƙirga: mai fenti, marar fenti. In ya ga 100, 55 ne masu fenti, to ba a gama ba, a koma. Kuma a ƙirga unguwa unguwa. Jimillar gari takan nuna 75 alhali akwai unguwa ɗaya da ke 20, kuma a wannan ramin cutar za ta zauna ta jira. Yawan allurar da aka kashe ba ya gaya maka komai in ba ka san yawan karnukan ba.

Abu ɗaya da nake faɗa wa jama'a da babbar murya tun kafin a tsira wa kare na farko: allura ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta kama hanya a jikinsa, kuma garkuwa tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta kafu. Saboda haka za a iya ganin kare mai fenti a goshi ya haukace bayan mako biyu. In ba ka faɗa tun farko ba, ranar da hakan ta faru za a ce allurarku ce ta haukata shi, kuma baɗi ba za ka ga kare ko ɗaya a teburinka ba.

Inda dabbar daji ce ke riƙe da cutar dabarar takan canza salo, amma tushenta ɗaya. A Suwizalan, daga 1978, sun riƙa cusa rigakafi a kawunan kaji suna watsawa a daji don yanyawa ta ci, har ƙasar ta rabu da cutar a 1999. Ta ɓangaren kare kuwa, Meziko ta shafe shekaru tana rigakafin gama-gari kyauta kowace shekara, a 2019 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da haukan kare da ke kashe mutane ta hanyar cizon kare. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne a kai ga babu mutuwar mutum ko ɗaya daga cizon mahaukacin kare nan da 2030.

Yaushe za ka ce ɓarkewar ta ƙare? Ba ranar da waya ta daina ƙara ba. Shiru iri biyu ne, na babu cuta da na babu mai dubawa, kuma daga ofis kamarsu ɗaya. Tunda cutar takan kwanta wata shida a jikin kare, duk abin da bai kai haka ba daga dabba ta ƙarshe hutu ne kawai. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ma sai ƙasa ta yi wata 24 ba a samu ko ɗaya ba, tare da sa ido na gaske, kafin ta ce ta rabu da ita. A wannan tsakanin a ci gaba da bin kowane cizo, a ci gaba da aika kan duk karen da ya mutu da alamar jijiya ko mota ta buge yana yawo ba hayyaci, ana samun sakamako na "babu" ana rubutawa. Tarin waɗannan "babu" ɗin su ne hujjarka. Sannan a sa ranar kamfen baɗi a kalanda tun yanzu, da kuɗinsa a kasafi, domin kwikwiyon da za a haifa wata mai zuwa ba shi da fenti a goshi.